Duwatsu Huɗu a Bakin Ruwa

Yau mako uku da dawowarmu daga Sabon Gungu, kuma har yanzu ban huta da tambaya ba. In na je majami'a mata su tare ni a ƙofa, in na shiga kasuwa masu tumatir ma sai sun ce, "Maman Rahila, yaya bakin ruwa? Ina kifinmu?" Kowa sai in ba shi guntuwar amsa, in ce lafiya lau, ruwa da yawa, sauro ya fi ruwan yawa. To na gaji da guntuwar amsa, don ba ita ce gaskiyar ba. Zan faɗa sau ɗaya daga farko har ƙarshe, wanda ya sake tambayata in miƙa masa takardar nan ya karanta da kansa.

Saboda mahaifina muka yi tafiyar. Baba Gado ba haifaffen Kontagora ba ne, ko da yake ya fi shekara hamsin yana aikin kafinta a nan. An haife shi a wani ƙauye na bakin Kwara, kudu da Yawuri, wanda ruwa ya cinye lokacin da aka datse kogin. Yana matashi aka kwashe su. Mahaifiyarsa ta rasu gab da tashin, shi ya yi mata alama da hannunsa: rabin dutsen niƙanta, ja, ya yi masa tsagi uku da ƙusa, ya kife shi a kan kabarin. Bai sake komawa ba. Bana, bayan ƙafafunsa sun ƙi shi, ya ji a bakin wani mai sayar da kifi cewa in damina ta yi tsaka ruwan yakan ja baya sosai, har tsohuwar maƙabarta ta fito fili na ɗan lokaci kafin sabon ruwa ya sauko ya sake rufe ta. Tun ranar ba shi da wata magana.

"Saratu, ku kai ni in ga dutsen nan sau ɗaya," in ji shi. "Bayan wannan ba zan sake roƙon ku komai ba."

Baba ba ya iya zama a kujerar mota ko na rabin awa. Amma maigidana Ishaya, mai sayar da zuma, yana da wata tsohuwar bas da yake bin kasuwannin Bobi da Mashegu da ita. Ya cire kujerun baya, ya kafa gado da ɗan kabad, ya sa labule, a ciki yake kwana in kasuwa ta yi nisa. 'Yan unguwa suna kiranta ɗakin Ishaya mai taya. Ni kaina na sha yi mata dariya, ina cewa duk ranar da muka yi faɗa ba sai ya nemi inda zai yi yaji ba. A ciki muka kwantar da Baba, muka lulluɓe shi da farin zane saboda sanyin safiya, muka kama hanyar Yawuri.

Hanyar ba sai na bayyana wa mutanen Kontagora ba, kun san ta. Ba mu yi awa guda ba muka faɗa wani rami da ruwan sama ya ɓoye. Kabad ya buɗe, rishon girkina ya faɗo ya rabu biyu, kananzir ya malale har ƙarƙashin gado. Tayar baya kuma ta yi faci. Ishaya ya fito da guntun katakon da yake tokare taya da shi, wanda direbobi ke cewa weji, ya canza tayar yana gumi, ni kuma ina tsaye a kansa ina gaya masa yadda ake tuƙi, ni da ban taɓa riƙe sitiyari ba. Da ya gama, don haushina, ya ja mota ya bar wejin a bakin titi. Sai da muka yi nisa ya tuna, ya ce ai laifina ne. Na ce na ji.

A iyakar Neja da Kebbi aka tsayar da mu a shinge. Wani jami'i ya leƙa ta taga, ya ga mutum miƙe a kan gado an rufe shi da fari har ka. Nan take ya cire hula, ya sassauta murya.

"Allah ya jiƙansa. Gida za ku kai shi?"

Kafin in buɗe baki Baba ya yaye zanen ya ce, "Amin, ɗana. Gida za su kai ni, amma tukuna dai."

Bawan Allah nan ya yi tsalle baya har ya taka ƙafar abokin aikinsa. Muka yi ta dariya har Ishaya ya kasa sa giya. Amma da muka wuce, na daina dariyar, don na waiwaya na ga Baba ya sake jan zanen ya rufe fuskarsa kamar yadda yake a da.

Mun bar kwalta bayan azahar, muka bi hanyar ja har Sabon Gungu, garin da aka gina wa mutanen da ruwa ya tasa. Tsofaffin gidajen duk iri ɗaya ne, na siminti, rufinsu a lanƙwashe kamar bayan kunkuru. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne mata suna tuƙa kwalekwale da goyo a baya, ko a jikinsu. In ka tambayi hanya ba a ce maka gabas ko yamma, sai dai sama ko ƙasa, wato inda ruwa ya fito da inda ya nufa. A wata rumfa muka ci tuwon shinkafa da miyar kifi. Mu a Kontagora kifi baƙo ne a miya, sai ka lalubo shi da cokali. Can kuwa miyar ce baƙuwa, da kyar na ga ruwanta a tsakanin kifin. Mai rumfar ta haɗa mu da wani dattijo mai jirgi, Malam Bawa, ta aika masa, ya ce yana can tsallake, amma da sassafe zai zo ya nuna mana tsohuwar maƙabarta.

Saura inda za mu ajiye mota mu kwana, kuma a nan ne labarin yake.

Wuri na farko tasha ce. Ishaya ya ce akwai mutane, akwai haske. Na ce akwai kuma janareto uku da mai sayar da kaset, Baba ba zai runtsa ba. Wuri na biyu filin wata mata ne, Inna Kulu, inda fataken kifi ke ajiye motocinsu. Gaskiya wurin ba shi da laifi: an kewaye shi da danga, ga rijiya, ga banɗaki mai ƙofa, ga inuwar mangwaro. Ishaya har ya kashe mota. Amma a gefe guda akwai jerin tanderun banda, hayaƙin kifi yana tashi, Baba ya fara tari cikin barcinsa. Kuma Inna Kulu mace ce mai tambaya. Kafin in sauko ta tambaye ni garinmu, da sunan mijina, da abin da ke damun tsohon, da dalilin da ban ƙara haihuwa ba bayan Rahila. Wanda ya san ni ya san ba a yi mini haka.

Daga bakin dangarta na hango wani fili can ƙasa, wajen ruwa. Shimfiɗaɗɗe, tas kamar an share, ba ciyawa mai tsawo, ba hayaƙi, ba kowa. Na ce wa Ishaya can za mu.

"'Yata, can ba wurin kwana ba ne," in ji Inna Kulu.

"Me ya sa, Inna? Na wani ne?"

Ta ɗaga kai ta dubi rana. "Da da safe kika tambaye ni, da na gaya miki. Yanzu la'asar ta wuce, mu nan ba ma wannan maganar da yamma. Ki dai kwana a nan. In hayaƙi ne, sai in sa a kashe na kusa da ku."

Ni kuwa na ɗauka dabarar mai fili ce da ba ta son baƙi su kuɓuce mata. Ishaya ya ce, "Maman Rahila, mu ji maganar mutanen gari mana." Na ce shi da ya bar weji a titi ba shi zai koya mini hankali ba. Ya tayar da mota. Baba yana barci, maganin da na ba shi bai sake shi ba, don haka babu wanda ya tambaye shi.

Ƙasar filin tana da tauri, taya ba ta nutse ba, na ce wa Ishaya ka gani. Sai dai wurin ya ɗan gangara zuwa ruwa, ga shi ba weji, ni kuma ba risho. Kowace mace a Kontagora ta san abin yi in risho ya mutu: dutse uku, itace, shi ke nan. Kuma Allah ya sa duwatsu ne birjik a filin, ɗaya nan ɗaya can, kowanne zaune shi kaɗai. Har na yaba, na ce garin nan ko dutsensu a tsare yake. Na ciro uku na kusa na kafa murhu. Ishaya yana ɗaure tamfol ya ce in samo masa babba mai faɗi na taya. Na gangara har kusa da bakin ruwa, na ga wani mai faɗi, busasshen laka da 'yan ƙananan katantanwa sun rufe shi. Ya kama ƙasa sosai, sai da na sa itace na banƙare shi. Na rungumo shi ina nishi, Ishaya ya cusa shi a bayan taya.

Tun ina hura wuta na fara jin wurin bai yi mini ba. Na farko dai shiru. A cikin gari awaki da kaji sun cika ko'ina, amma ko akuya ɗaya ba ta sauko filin nan ba, sai su zo iyakar ciyawa su tsaya. Can cikin ruwa kututturan matattun itatuwa sun fito, baƙaƙe, ba tsuntsu ko ɗaya a kansu. Ga wasu da'irori a ƙasa can gefe, waɗanda na ɗauka wasan yara ne. Sannan masu jirgi. Duk wanda ya zo daidai da mu sai ya daina tuƙi, ya ɗora filafili a cinya, ya bar jirgin ya wuce da kansa, bakinsa yana motsi. Na ɗaga hannu na ce, "Sannunku da aiki!" Babu wanda ya amsa. Wata mata ma da ta ga hayaƙin murhuna sai ta dafe kai da hannu biyu, ta kau da fuska. Na ce wa Ishaya mutanen nan ba su iya gaisuwa ba. Shi dai ya shiga mota ya zauna, ya bar ƙofa a buɗe.

Da na kai wa Baba kunu ya farka. Labule a sauke yake, ba ya ganin waje. Ya riƙe kofin bai sha ba.

"Saratu, ina ne nan?"

"Bakin ruwa ne, Baba. Gobe da safe za a kai mu."

"Ikon Allah," ya ce. "Yanzun nan na ji ana niƙa. Irin niƙan Inna mahaifiyata, ja biyu ta huta, ja biyu ta huta. Kusa-kusa, kamar a ƙarƙashin gadon nan."

Na ce mafarki ne da magani. Amma ban yarda na sake fita ni kaɗai ba har rana ta faɗi. Muka rufe ƙofa da wuri. Ba abin da ya same mu, ba zan ƙara wa labari gishiri ba. Barci ne dai ban yi na kirki ba.

Da gari ya waye na buɗe ƙofa, sai na ga ruwa ya matso. Jiya tsakaninmu da shi ya kai taku arba'in, yau bai fi goma sha biyar ba, kuma ya canza kama, ya yi fari-fari kamar kunun kanwa. A iyakar ciyawa wani dattijo yana tsaye, takalmansa a hannu. Malam Bawa ne. Bai yi sallama da ƙarfi ba, ya tako a hankali yana zaɓar inda zai sa ƙafa.

"Baiwar Allah, ku ne baƙin Kontagora masu neman maƙabarta?"

Na ce mu ne.

"To ai a kanta kuka kwana."

Sai idonsa ya sauka a kan murhuna.  Ni kuwa na zauna a ƙasa, na tuna a kan me nake zaune, na sake miƙewa zumbur. Ashe da'irorin nan tushen ɗakunan tsohon gari ne. Ashe masu jirgin jiya ba mu suka ƙi gaisarwa ba, addu'a suke yi wa na kwance. Kowane dutse a filin nan mutum ne.

Malam Bawa bai zage ni ba, da ma ya zage ni da na fi jin sauƙi. Ya ce, "Duk shekara in ruwa ya ja mukan zo mu share su, Musulmi da Kirista da waɗanda suka mutu kafin a san wannan rabon. Babu rubutu a kansu. Inda dutse yake, shi ne kawai shaida. Nawa kika ɗauka?"

"Uku," na ce. Sai Ishaya ya ce a hankali, "Huɗu."

Dattijon ya ce kada mu ɓata lokaci, dutsen da ya daɗe a wuri yakan bar gurbinsa, kuma kowane gurbi dutsensa kawai yake karɓa. Muka zuba wa na murhu ruwa suka huce, muka goge baƙin hayaƙin da zanena. Gurabun uku suna nan kusa, kowanne da ɗan ruwa kwance a ciki. Malam Bawa ya riƙa gwadawa yana juya dutse, in bai zauna ba ya kai shi gaba, har kowanne ya faɗa nasa daram, ba ko motsi. Ina biye da shi ina cewa ku yafe mini, ban san ko da wa nake ba.

Ishaya ya ja mota gaba kaɗan, ya fito da na huɗun. Taya ta goge lakar da ke bayansa. Ja ne. Ya juya shi, sai ga kwarmin niƙa, sumul, ga tsagi uku a gefe.

Baba ya riga ya ɗaga labule, yana kallonmu tun ɗazu. Ya miƙo hannu biyu ta taga. Ishaya ya ɗora masa dutsen a cinya, ya bi tsagin da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Malam Bawa ya ce, "Ashe naka ne, Yaya. Tun ina yaro muke share shi, ba wanda ya san mai shi."

"A ina kika ɗauke shi, Saratu?" Baba ya tambaya. Muryarsa ba faɗa a ciki.

Na juya na nuna. Inda yatsana ya nuna ruwa ne.

Mun nema. Ni da Malam Bawa muka shiga har gwiwa muna lalube da tafin ƙafa, amma ruwan ba a ganin komai a cikinsa, laka kuma ta yi laushi, duk inda ka taka sai ya zama gurbi. Ya ce ya san wajen, amma tsakanin nan da can akwai mutum biyar ko shida, ba zai rantse ba. Baba ya ce a kai shi. Ishaya ya goya shi ya shiga da shi har ruwa ya kai masa cinya, ƙafafun Baba suna jan ruwa. Baba ya daɗe yana duban wurin. Ya yi magana da yarensu, wanda rabona da ji a bakinsa tun ina ƙarama, ban fahimci ko kalma ɗaya ba sai Inna. Ina tsaye a bayansu ina kuka kamar yarinya, don kunya da baƙin ciki.

Da suka fito Malam Bawa ya ce, "Yaya, mu ajiye shi daidai inda muke zato. Allah ya san nasa."

Baba ya girgiza kai. "In ɗora uwata a kan wani? A'a. In baɗi ruwa ya ja, gurbin zai fito?"

"Laka za ta cike shi kafin nan."

"To ku sa mini shi a mota."

Sai da muka tsaya a filin Inna Kulu kafin mu kama hanya, don Baba ya ce a wanke masa ƙafa da ruwan rijiya. Na shirya jin gori. Ta dube ni, ta dubi dutsen, ta kawo mini koko mai zafi ta ce, "Sha, 'yata, ba ki karya ba." Tambaya ko ɗaya ba ta yi ba.

Har muka iso Kontagora hannun Baba yana kan dutsen. Yanzu dutsen yana ƙarƙashin gadonsa. Kullum da safe in na shiga shara sai in tarar simintin da ke ƙasansa da danshi. Ishaya ya ce damina ce, kowane ɗaki haka yake. Na duba sauran ɗakunan, duk a bushe suke.

Ni abin da ya fi damuna shi ne Baba bai taɓa ɗaga maganar ba, har na fara fatan ya zage ni in huta. Shekaranjiya na kai masa kunu, na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini. Fiye da shekara hamsin ruwa bai ɗaga dutsen nan ba, ni na ɗaga shi don in tokare taya."

Ya sha kununsa sai da ya kusa rabi, sannan ya ajiye kofin.

"Na ce a kai ni in gan shi sau ɗaya, ga shi ina ganinsa kullum. Tashi." Na yunƙura zan tashi, sai ya kama hannuna. "Na ce ba zan sake roƙon ku komai ba, amma saura ɗaya. In na tafi, a kaina za a ɗora shi. Ba Ishaya ba, ba fasto ba. Ke kika ɗauko shi, ke za ki ajiye."

Na ce to, Baba.

"Kuma wannan karon, Saratu, ki lura da wurin."